Ni Na Riƙe Kan Duna

Bana azumi ya faɗo a tsakiyar damina. Kwana tara ke nan rana ba ta yi fitowar kirki ba a Malali. Tabarma ta yi funfuna, gishiri ya narke a gwangwani, itacen girki sai hayaƙi. Yoyon da ɗakin kakata Iya yake yi ne ya sa Baba ya hau tsani da guduma, tsanin ya zame, ya faɗo da baya a kan dakalin rijiya. A asibiti suka ɗauki hoto, suka ce ƙashi ɗaya ya tsage a gadon baya, amma laka ba ta taɓu ba. Suka sallamo shi da sharaɗin ya kwanta a kan katako wata biyu, kada ya tashi, kada a tashe shi. Na baro ɗakina a Abakpa na dawo gida jinya.

Shekaranjiya da hantsi na ji Iya tana ce wa mai kawo mana itace ya biya Rigachikun ya ce Malam Tanko maɗori ya zo. Kwanon da ke hannuna sai ga shi a ƙasa. Tun daga lokacin duk inda na juya Duna nake gani.

Duna karenmu ne. Baƙi wuluk, mai dogon jiki da gajerun ƙafafu. Wurinsa bayan gida ne, gindin mangwaro, bai taɓa taka tsakar gida ba. Ran Asabar yakan bi Baba gonarsa ta hanyar Rigachikun ya kori birai. A shekara huɗu da ya yi tare da mu ban san wanda ya taɓa sa masa hannu ba. Daga nesa ake zuba masa ƙanzo, daga nesa ake yi masa tsawa, shi ma ya san iyakarsa.

Shekara biyar ke nan, shekarar da aka bar fam da sule aka koma naira. Ita ce kuma shekarar da ruwa ya yi mana rowa. Ya zo a makare, aka yi shuka sau biyu, masara tana fara goyo ya ɗauke ƙafa. Hadari zai haɗu ta gabas, baƙi ƙirin, mata su kwashe shanya su jera bokitai a ƙarƙashin indararo, sai iska ta zo ta watsa shi. Ko ɗigo. Na gama sakandare a lokacin, ina zaman jiran sakamako, ba ni da aiki sai tankaɗe da kallon sama.

Saura sati biyu a fara azumi, Baba da Duna suka tafi gona a akori-kurar maƙwabcinmu. Duna ya saba, kafin mota ta gama tsayawa ya diro. Ran nan ma ya diro, amma ƙasa ta bushe ta zama kamar daɓe. Baba ya ce ƙara ɗaya ya yi, ya tashi yana tangaɗi. Washegari da safe muka tarar yana jan gindi a ƙasa, ƙafafun baya suna binsa kamar tsumma.

Baba ya ce in bi su asibitin dabbobi in rubuta abin da za a faɗa, tunda ni ce na yi darasin kimiyya. Likitan mutumin kudu ne, Hausarsa ba ta nuna ba, da Turanci ya yi mana bayani. Ya ce tsakanin kowane ƙashi biyu na gadon baya akwai wani ɗan faifai mai laushi, kamar matashi, to ɗaya ne ya fashe ya danne laka. Ya ɗauko hantsaki ya matse yatsan ƙafar baya. Duna ya juyo da kai ya yi gurnani.

"Yana ji," in ji likita. "Muddin yana jin wannan, ƙafar tana da rai."

Ya ce a sa shi a wuri matsattse inda ba zai iya mirginawa ba, sati shida. A riƙa juya shi a hankali kada gyambo ya kama shi. A riƙa matsa masa mara sau uku a rana, don fitsari ba zai fita da kansa ba. Abu ɗaya kuwa sai da ya maimaita shi sau uku yana kallona: kada a ja shi, kada a murɗa shi, kada a bar kowa ya ce zai gyara bayan. Na rubuta da hannuna, na ja layi biyu a ƙasa.

A gida Iya ta ce ba ta san wannan zance ba.

"Jinyar kare? A gidan nan, a shekarar da ɗan Adam bai ƙoshi ba?"

"Iya, shekara huɗu yana gadinmu, ko allura ba a ɗauke mana ba," in ji Baba.

"To wa zai taɓa shi? Kai za ka bar ofis, ko matarka da ke tuƙa mana tuwo?"

Ban san lokacin da na ce ni zan yi ba.

Sunan Iya aka sa min, shi ya sa Baba yake ce min Uwani, ita kuma takwara. Ta dube ni daga sama har ƙasa. "Ke takwara? Abin da aka koyo a bokon ke nan? To Allah Ya ba da zaman lafiya, ke da mijin naki."

Baba ya yanke magana. Likita ya ce sati shida, kuma sati shida ya yi daidai da Sallah. In Sallah ta zo bai tashi ba, za a mayar da shi a yi masa allura ya huta, don barin dabba tana jan ciki alhaki ne. Baba kuwa in ya faɗi magana ba ya waiwayarta.

Ya farfasa wani tsohon akwatin katako ya haɗa masa makwanci a gindin mangwaro, na shimfiɗa buhuna. Na ware zane ɗaya da riga ɗaya na rataye a ƙusa a bayan madafa, su ne kayan kare. Baba ya tambayi limamin unguwa, liman ya ce tausayin dabba lada ne, in wanke jikina in canja tufa in yi sallata. Amma Iya tana da nata hukuncin. Sau bakwai zan wanke hannu, ɗaya da ƙasa, tana zaune tana ƙirgawa da yatsu. Duk da haka ta daina karɓar abinci daga hannuna. In na kawo mata kunu sai ta ce, "Ajiye can, Ummanki ta miƙo min."

Ranar farko da na sa masa hannu, shi ya fi ni tsorata. Ya sandare, kunnuwa a kwance, yana kallon hannun kamar wuta ce. Ban taɓa sanin jikin kare yana da ɗumi haka ba. Na lalubi mara na matsa yadda aka nuna min, ba abin da ya fito, na yi ta kuka ina matsawa, har can sai ga shi, zafi-zafi a kan buhu. Zarnin ya kwana a hancina.

Haka muka shiga azumi. Zafin shekarar nan ba irin na bazara ba ne, wani zafi ne mai danshi wanda ba ruwa a bayansa, ya manne wa mutum kamar rigar leda. Famfo sai da sassafe yake zuwa, ya yi tari ya yi tari, ya ba da bokiti uku ya tsaya. Rijiya ta koma laka, guga yana fitowa da rabi, ja kamar kunun kanwa. Ruwan ɗauraya nake tarawa in wanke buhunan Duna da toka, in shanya su a kan katanga, kafin azahar sun bushe ƙayau. Iya ta ce, "Mutane na tattalin ruwan alwala, wasu na wanke gindin kare."

Tuwon dare ya ragu, Umma ta koma yanka malmala biyu. Ba a barin ƙanzo, yara ke cinye shi. Sai na riƙa rage nawa kason in ɓoye a kwano. Da rana tsaka, leɓena a bushe, cikina yana murɗa, zan zauna in dama masa shi da ruwa in tallafi kansa yana lasa. Ƙamshin miyar kuka da ta kwana bai taɓa damuna irin na lokacin ba. Akwai ranar da na ga ruwa yana ɗiga daga haɓarsa zuwa ƙasa, na ji haushinsa har cikin raina, sannan na ji kunyar kaina.

Kowace safiya, kafin komai, zan matse yatsan. Zai juyo ya harare ni. In ce alhamdulillahi.

A sati na uku na samo tsohon majanyin Umma, wanda aka goye ni da shi, na zura ta ƙarƙashin cikinsa ina ɗaga gindin kaɗan in na zo canja buhu. Umma ta gani, ta wuce. Ba ta sake tambayar majanyin ba.

Ita kuwa Iya, inuwar mangwaro ce kaɗai wurin da iska ke ratsawa a gidan, kuma nan take kaɗinta da yamma tun kafin a haife ni. Ba za ta bar wa kare ba. Ta dai ja tabarmarta nesa, ta juya masa baya. Kwana biyu sai na ji tana magana. "Kai dai ka ji daɗi, malalaci. Mu muna azumi, kai ana ba ka a baki." Kwana uku na tarar ta ɗaura tsumma a kan dogon kara tana kore masa ƙudaje daga inda take zaune. Da ta gan ni ta ce, "Ni suke damu, ba shi ba."

Ita ta fara ganin wutsiyar. Ran ashirin ga wata, ina daka a tsakar gida, sai na ji kira.

"Takwara! Takwara, yi maza, mijinki na gaishe ki!"

Na zo da gudu. Wutsiyar da ta yi wata guda a kwance tana motsi, a hankali, dama da hagu, tana share buhu. Na durƙusa. Iya tana dariya har dasashinta ya fito. Da aka sha ruwa ran nan na kawo mata kunun tsamiya, na sunkuya zan ajiye a ƙasa yadda na saba, sai ta miƙo hannu ta karɓa. Ta kai baki ta sha. Ni kuwa na koma madafa na daɗe a tsaye.

Sai dai bai tashi ba. Wutsiya tana motsi, ƙafa ɗaya tana ɗan janyewa in an matsa, amma tsayuwa babu. Kullum Baba in ya dawo ofis zai jingine kekensa ya leƙo, ya wuce. Ni da Iya muka shiga ƙirga kwana, kowa a ransa.

Saura kwana bakwai Sallah, Malam Tanko ya zo. Maharbi ne a Rigachikun, gonarsa tana maƙwabtaka da ta Baba, kuma ɗori gadon gidansu ne. Ba mutumin banza ba ne. Shi ya ɗora min hannu da na faɗo daga bishiyar gwaiba ina ƙarama, yau ko ni ba na tuna wane hannun ne. Karnukan farautarsa ma shi ke ɗora musu. Ya kawo mana 'yar masarar da ta tsira, ba ta cika kwando ba, hatsinta tsilli-tsilli kamar haƙoran tsoho. Baba yana ofis, Umma ta tafi gaisuwar rasuwa.

Iya ta ce, "Tanko, Allah ne Ya kawo ka. Zo ka duba min wannan malalacin."

Ya tsuguna, ya bi gadon bayan da babban yatsa, ya tsaya a wuri ɗaya. "Ga shi nan, Iya. Gocewa ce. In aka ja aka danna, sai ya koma mazauninsa."

Na ce, murya can ƙasa, "Likita ya ce kada a ja."

"Likita ya ce sati shida, ga biyar sun wuce," in ji Iya. "Na san ɗan da na haifa. Ran Sallah in bai ga karen nan a tsaye ba, allura ce. Ko so kike a kashe miki shi?"

Malam Tanko ya ce, "In 'yar boko ba ta yarda ba a bari, Iya."

"Wace 'yar boko? Hannun da take rubutun da shi wa ya ɗora mata?"

Takardar tana cikin littafina a ɗaki, da layi biyu a ƙasa. Taku goma ne. Na sha gaya wa kaina kunya ce ta hana ni, don ba a musa wa kaka a gaban baƙo, ba a kuma ce wa dattijo bai san sana'ar ubansa ba. Gaskiya ne, amma ba ita ke nan ba. Kwana uku kacal da Iya ta fara cin abin hannuna, ba na son ta daina. Kuma ni ma kwana bakwai ɗin nan sun tsaya min a wuya. Wani ɓangare na zuciyata cewa yake, wa ya sani, ko a dace.

Malam Tanko ya shafa man kaɗanya, ya yi tofi. Ya kawo igiya zai ɗaure bakin, Duna ya yi masa wani gurnani da ban taɓa ji ba.

"Ba zai yarda da ni ba. Sai wadda ya sani ta riƙe."

Na je na sa kayan kare. Na zauna, na ɗora kansa a cinyata, na ɗaure bakin da hannuna, ina shafa bayan kunnensa ina cewa yi haƙuri, yanzu za a gama. Ya saki jiki. Wutsiyar tana share buhu.

Ba ƙara mai ƙarfi ba ce. Kamar an taka busasshen kara ne a cikin yashi. Jikinsa ya miƙe gaba ɗaya a kan ƙafafuna, kukan ya maƙale a cikin igiya, idonsa yana cikin nawa. Sai fitsari ya zubo da kansa, ya yi ta zuba, ba wanda ya matsa.

Wutsiya ta kwanta.

Na kai hannu na matse yatsan. Na ƙara. Na sa farce har sai da jini ya fito. Duna yana haki, yana kallona, bai san ana taɓa shi ba.

Malam Tanko ya daɗe a tsugune. Ya tashi ya goge hannunsa da ƙasa. Iya ta kunce bakin zane za ta ba shi tukwici, ya girgiza kai, ya ɗauki kwandonsa ya fita ko sallama bai yi ba.

"Gajiya ce," in ji Iya. "Gobe za ki gani. Kada ki gaya wa babanki, bari ya gan shi a tsaye." Amma ba ta sake kaɗi ba har aka yi Sallah.

Na yi kwana bakwai ɗin. Na juya shi, na wanke, na ba shi a baki. Abin da ya fi ci min rai shi ne bai canja min ba. In ya ji takuna zai ɗaga kai, ya lashi hannun da ya ɗaure masa baki. Da ya cije ni da na fi samun sauƙi.

Bayan hutun Sallah muka mayar da shi. Likita ya matsa da hantsaki, ya sake matsawa, ya ɗago ya tambaye ni ko ya faɗi, ko wani ya motsa shi. Baba yana tsaye a gefena. Na ce a'a. Ya dube ni, bai ƙara tambaya ba. Aka yi wa Duna allurar. A gona Baba ya binne shi, ya ce sai da ƙotar fartanya ta karye kafin ramin ya kai gwiwa. Ruwa bai sake sauka ba a shekarar. Ni da Iya ba mu taɓa tada maganar ba, ko sau ɗaya.

Jiya bayan azahar ana yayyafi na ji sallama a zaure. Na riga kowa fita. Malam Tanko ne, ya tsufa, gemu ya yi fari, ƙunshin karare da tsumman ɗori a hammatarsa, ruwa na ɗiga daga malfarsa. Na durƙusa na gaishe shi a bakin ƙofar shiga gida, ban kuma kauce ba.

"Baba Tanko, ni ce na riƙe kan karen nan."

Ya kalli ruwan da ke bin indararo.

"Na gane ki," ya ce. "Har yau hannun nan yana jin abin da ya ji ran nan. Ni cewa aka yi min babanki ya faɗo, na zaci ƙafa ce. Baya ne?"

"Baya ne."

"Yana jin ƙafarsa?"

"Yana ji."

Ya sauke ƙunshin ya ajiye a lungun zaure, ya shiga hannu rabbana. Ya zauna kusa da Baba, suka yi hirar damina da yadda ciyawa ta fi ƙarfin noma bana, ya yi masa addu'a. Iya ta leƙo ta ce, "Tanko, ina kayan aikin?" Ya ce, "Iya, wannan ba nawa ba ne. A bar shi yadda aka ce." Ta dube shi, ta dube ni, ta saki labule.

Da aka sha ruwa na kai mata kunu. Ta ce, "Ajiye can."

Na ajiye. Ban ji zafi kamar yadda na zata ba. Abin da ya tsaya min shi ne ƙanƙantar maganar. Kalma nawa na faɗa a zaure? Ko numfashi biyu ban yi ba. Ina da bakin nan shekara biyar da suka wuce, ina da takarda a ɗaki.

Yau da safe ruwa ya tsagaita. Na shiga na gaishe da Baba, na yaye bargon ƙafarsa, na kama babban yatsa yadda nake yi kullum.

"Uwani, wannan ai gwajin Duna ne," ya ce yana murmushi, idonsa a kan rufi. "Allah sarki. Kin yi iya ƙoƙarinki a kan karen nan. Kwanansa ne ya ƙare."

Na buɗe baki. Iya tana tsakar gida, ina jin carbinta. Na rufe.

Na matse yatsan, da ƙarfin da ya wuce ƙima.

"Wash! Ke, cire min shi za ki yi?"

"A'a, Baba," na ce. Na mayar da bargon, na fita wanke hannu.